Yadda Likitocin Haƙori Suka Fara Sanya Safar Hannu



Wasunmu kan ji haushi idan likitan haƙori ya rufe fuska, ya sanya safar hannu, ya kuma tambaye su ko sun taɓa gwajin ciwon hanta, sai su ga kamar ƙyamarsu ake yi. To, abin yana da tarihi.

Har zuwa farkon shekarun 1980, yawancin likitocin haƙori, har a Amurka da Ingila, da hannu haka nan suke aiki a bakin mutum, cikin jini da yawu. Wanda bai rame ba, idonsa bai nuna shawara ba, lafiyayye ake ɗaukarsa.

A 1965 Dokta Baruch Blumberg na Amurka ya bayyana wata alama da ya gano a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, wadda daga baya aka tabbatar ta ƙwayar ciwon hanta rukunin B ce. Da gwaji ya samu, sai aka ga mutum kan yi shekaru da cutar bai ko ji zazzaɓi ba, alhali jininsa na yaɗa ta. Binciken shekarun 1970 ya nuna likitocin haƙori sun fi sauran jama'a kamuwa da ita.

A 1981 aka amince da rigakafinta a Amurka, shekarar da aka fara ba da rahoton ƙanjamau. Tsoron ƙanjamau ne ya sauya aikin, kodayake ciwon hanta ya fi saurin kama ma'aikaci: idan allurar mai cutar ta soke shi, haɗarin kan kai 30 cikin 100, na ƙanjamau kuwa kusan 3 cikin 1,000. A 1987 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa a ɗauki jinin kowane majinyaci tamkar yana da cuta. Korona ta sake tabbatar da darasin a 2020, domin injin gyaran haƙori yana fesa yawu cikin iska, har Ingila ta dakatar da aikin haƙori na yau da kullum daga Maris zuwa Yuni.

Najeriya ba ta sanya wannan rigakafi cikin alluran jarirai ba sai 2004, wato yawancinmu manya ya wuce mu. Don haka mu je gwaji, mu yi allurar, mu kuma faɗa wa likita gaskiya idan ya tambaya. Shi ma yana da iyalin da ke jiransa a gida.

Allah ya ƙara mana lafiya.