Ƙofar Bayan Land Rover a Hanyar Rugu

A 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila, da jikin alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da ta iso wajenmu, ita ke ratsa yashin Batsari da Safana har bakin Dajin Rugu. Ƙofar bayanta ke fara gajiya, domin sarƙa biyu ke riƙe da ita, ga buhunan rogo, ga fasinja a kai. In ta ɓalle a hanya, guminsa na shekara manomi zai tsinta a ƙasa. Waldar ƙarfe kuwa ba ta kama alminiyam, sai makanikanmu su yi mata faci da ƙusoshi, ko su ƙera sabuwa ta ƙarfe. 'Yan'uwa marubuta, mu nemi tsofaffin direbobin nan tun suna raye, sauran labarin yana bakinsu.