Tarihin Kogin Da Ke Ƙarƙashin Teku

Mutanen da sun san igiyoyin ruwa da ke gudu a fuskar teku, domin da su ne jiragen ruwa ke tafiya, amma abin da ke ƙarƙashi ba wanda ya san labarinsa. Farkon wanda ya leƙa wannan sirri wani Bature ne, Henry Ellis, shugaban wani jirgin cinikin bayi na Ingila. A cikin shekarar 1751, sa'ad da jirginsa ke Tekun Atalantika, yamma da gaɓar Afirka, ya zura wani guga mai ma'aunin zafi da doguwar igiya. Ruwan sama ya nuna digiri 84 na awon Farenhait, amma da gugan ya kai zurfin ƙafa 3,900 sai ya fito da ruwa mai digiri 53. Ellis bai san dalili ba. Iyakar amfanin da ya samu shi ne sanyaya abin sha da ruwan wanka.

Sai kusan ƙarshen ƙarnin nan wani masani, Count Rumford, ya warware matsalar. Ya ce ruwa mai sanyi haka a ƙasar zafi ba zai yiwu a nan ya samo sanyinsa ba, lalle daga wajen ƙasashen ƙanƙara ya gangaro ta ƙarƙashi. In kuwa haka ne, tilas akwai wani ruwan da ke tafiya can ta sama don ya maye gurbinsa.

Binciken da ya biyo baya ya gaskata shi. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya arewa ta saman Atalantika. In ya isa tekunan da ke kewaye da Girinlan da Aisilan sai ya saki zafinsa cikin iska, wanda ke taimakon Turai wajen rage tsananin hunturu. Sa'an nan ya yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse, ya juyo kudu ta ƙarƙashi. Haka kuma ruwa ke nutsewa a gefen Antatika. Daga nan yakan bazu har Tekun Indiya da na Fasifik, ya riƙa tasowa sannu a hankali. Kewayen nan kan ɗauki wajen shekara dubu.

A cikin 1961 wani masanin Amurka, Henry Stommel, ya nuna da lissafi cewa wannan kewaye yana da rauni. Sanyi da gishiri su ne ke ba ruwa nauyin nutsewa. In ruwan daɗi ya yawaita a arewa, gishiri ya ragu, nutsewa za ta ragu. In ta ragu kuwa, ruwan gishirin da ake jawowa daga kudu shi ma zai ragu, abin ya yi ta cin kansa har ya kai inda komowa ke da wuya.

Tarihin duniya ya nuna an taɓa yin haka. Wajen shekara 12,900 da suka wuce, duniya na fita daga zamanin ƙanƙara, sai sanyi ya komo wa ƙasashen arewa farat ɗaya, ya zauna fiye da shekara dubu. Masana da yawa, cikinsu har da Wallace Broecker, sun danganta wannan da ruwan narkakkiyar ƙanƙarar Amurka ta Arewa da ya kwarara cikin Atalantika. Shaidar tana cikin ƙanƙarar Girinlan da lakar gindin teku. A wannan zamani kuma damina ta raunana a arewacin Afirka, tafkuna suka ja baya, gama in arewacin Atalantika ya yi sanyi, gizagizan damina kan karkata kudu. Ko farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a 1973 da 1984 ya zo daidai da lokacin da ruwan arewacin Atalantika ya yi sanyi bisa ga yadda aka saba, na kudu kuwa ya yi ɗumi.

Tun daga 2004 aka kafa jerin na'urori a cikin teku, daga tsibiran Bahamas zuwa wajen tsibiran Kanari, suna awon kogin dare da rana. An tarar yana ɗauke da ruwa wajen mita miliyan 17 na awon cika a kowace daƙiƙa, watau ya ninka dukan kogunan duniya sau da yawa. An kuma tarar ƙarfinsa kan hau ya sauka. Tsakanin 2009 da 2010 ya ragu da kusan sulusi, kana ya farfaɗo.

Yanzu hayaƙin gawayi da man fetur ya ɗumama duniya, ƙanƙarar Girinlan tana narkewa, ruwan arewa yana rasa nauyinsa. A cikin 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa kusan tabbas kogin zai raunana cikin wannan ƙarni, ko da yake ba su zaci zai tsaya cik kafin 2100 ba. Gwargwadon hayaƙin da aka rage, gwargwadon sauƙin da za a samu. Saboda haka maganar kogin nan ta shafi masuncin Aisilan, ta kuma shafi manomin gero da ke duban gabas yana jiran hadari.