Rake a Gwadalup, gyaɗa a Maraɗi

Gwadalup tarin tsibirai ne a tekun Karibiyan. Manyansu biyu, Basse-Terre mai tsaunuka da dutse mai aman wuta, da Grande-Terre mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, siririn ruwa ne kawai ya raba su. Faransawa sun mamaye su a 1635, suka yi ta jigilar bayi daga gaɓar Afirka domin noman rake. An soke bauta a 1794, Napoleon ya maido da ita a 1802, ba ta ƙare ba sai a 1848. Amma ƴanci bai sauya shuka ba: rake aka ci gaba da nomawa, sukari yana tafiya Faransa, abinci kuwa ana sayo shi daga ƙetare.

Duk da nisan da ke tsakani, wanda ya san tarihin kwarin Gulbin Maraɗi ba zai yi baƙunta da wannan labari ba. Katsinawan da jihadi ya raba da birninsu a 1807 sun kafa sarauta a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri a 1836, gero da dawa ne abin dogaronsu. Da Faransawa suka zo, suka ɗora haraji na tsabar kuɗi, sai gyaɗa ta zama hanyar biyansa. Manomin Maraɗi ba bawa ba ne, gona tasa ce. Sai dai farashin abin da ya noma a wata ƙasa ake yanke shi. Gyaɗa ce ta raya sabon garin da aka gina kan tudu bayan ambaliyar 1945, ita kuma aka kafa wa kamfanin SONARA a 1962. Farin 1973 da cutar da ta kama shukar a 1975 suka durƙusar da ita.

Daga nan hanyoyin biyu suka rabu. Gwadalup, wadda ta zama yankin Faransa tun 1946, ta jingina da ayaba, da baƙi masu yawon buɗe ido, da baitulmalin Faransa. Masana'antar sukari ta Darboussier ta rufe a 1980. A filinta aka buɗe gidan tunawa da bauta a 2015. Maraɗi kuwa ba ta da wannan madogara. Alhazanta suka juya ga fatauci da Katsina da Kano, manoman Jiratawa suka kama noman rani a gonakin ban-ruwa da aka tsara a farkon shekarun 1980.

Fatauci ya rufa wa garin asiri, amma shi ma ƙofa ɗaya gare shi. Rufe iyakar Nijeriya a 2019, da kuma a 2023, ya tsayar da kasuwa kamar yadda fari ya tsayar da gyaɗa. Garin da ya taɓa jingina da shuka ɗaya, yanzu da iyaka ɗaya ya jingina.