Biro, Basilin da Maggi: Yadda Sunan Kamfani Ke Zama Na Kowa

Ka taɓa aiken yaro ya sayo maka Omo, ya dawo da wani garin sabulun daban, kuma ba ka ce uffan ba? To, ba kai kaɗai ba ne. A bakinmu duk garin wanki Omo ne, duk man goge baki makilin ne, wato Macleans.

Kowanne da tarihinsa. Biron da ke aljihunka sunan mutum ne: László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hungary, wanda ya yi rajistar alƙalaminsa a 1938. Basilin daga Vaseline ne, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872. Maggi kuwa sunan Julius Maggi ne na Suwizalan, kamfaninsa ya fito da dunƙulen a 1908.

Za ka ɗauka kamfani murna zai yi. Ina! Idan suna ya zama na kowa, doka tana iya ƙwace shi. Haka ta faru da kamfanin Bayer: a 1921 wata kotu a Amurka ta ce masu saye sun ɗauki "aspirin" a matsayin sunan maganin kansa, don haka wasu ma suna iya sayar da nasu da sunan.

Kai ma abin ya shafe ka. Panadol sunan kasuwa ne, maganin da ke ciki paracetamol ne, kuma magungunan mura da dama suna ɗauke da shi. Ka haɗa biyu ba ka sani ba, ka wuce ƙima, hanta ce za ta ji jiki. Kafin ka sha, karanta abin da ke jikin kwalin.