Daga Kafanchan Zuwa Bakin Teku: Hafsan Sojan Ruwa A Yaƙin Basasa

Idan ana maganar yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, hankalinmu yakan tafi ne ga sojan ƙasa, domin akasarin 'ya'yan Kudancin Zazzau da suka sa kaki, rundunar ƙasa suka shiga. Sai dai akwai wani fagen daga da masu tarihinmu ba su cika waiwaya ba, wato na ruwa.

Bayan Ojukwu ya yi shelar ɓallewa ranar 30 ga Mayu, 1967, gwamnatin Gowon ta ɗora wa rundunar ruwa, ƙarƙashin Joseph Wey, aikin toshe gaɓar tekun Gabas. Babban jirginta shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan. Rundunar ce ta sauke dakarun Benjamin Adekunle a Bonny cikin Yuli 1967, sannan a Kalaba cikin Oktoba.

Ranakun ɗauki-ba-daɗi irin waɗannan 'yan kaɗan ne. Sauran rayuwar hafsa jira ce. Ana raba gadi sa'o'i huɗu-huɗu bisa al'adar da aka gada daga sojan ruwan Ingila, don haka wanda ya karɓa da tsakar dare ba zai sauka ba sai gab da asuba, idonsa na kan duhu ko wani jirgi zai yi satar shiga da makamai. Ga ruwa ta ko'ina, amma na sha da na wanka a ƙididdige. Ga kuma alhakin ƙananan da ke ƙarƙashinsa, waɗanda ba ya son su ga rauni a fuskarsa. A ganinmu wannan ya fi ƙarar igwa cin rai, domin sojan ƙasa ko ba komai yana taka ƙasa, yana gamuwa da ɗan garinsu a zango.

Ga mutumin Kafanchan kuwa, abin ya zo da wani ɗaci na daban. Tun 1927 garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, kuma layin dogon da ya ratsa Makurɗi da Inugu shi ne hanyarsa mafi kusa zuwa teku a Fatakwal. Yaƙi ya datse wannan layi. Ke nan wasiƙar da mata ta kai gidan waya, wadda sau da yawa wani ɗan makaranta ne ya rubuta mata, sai ta bi ta Kaduna ta gangara Ikko, ta zauna jiran jirgin da zai nufi Gabas. Kafin amsa ta dawo, an yi suna, an girbe acca, an haƙe citta. Me mai gida zai iya yankewa a kan al'amarin da ya riga ya wuce? Dole uwargida da ƙannen miji su riƙe gona da kuɗin makaranta, kunnensu na kan Rediyon Kaduna, wadda takan faɗi garin da aka kama, ba ta faɗin wa ya tsira.

An ajiye makamai a Janairun 1970. Daga baya yankin da bai san teku ba ya ƙulla zumunci da ita: Ishaya Ibrahim, ɗan ƙasar Jaba, ya shugabanci rundunar ruwa daga 2008 zuwa 2010, kuma a Kachiya rundunar ta kafa makarantarta ta koyon fasahar makamai.