Daga Hatimin Katsinawi Zuwa Harafin Kwamfuta: Tarihin Zane Ta Hanyar Ƙa'ida

1.0 Gabatarwa

Zane iri biyu ne. Akwai wanda ake kwaikwayo da ido, akwai kuma wanda ake fitarwa ta hanyar bin ƙa'ida daki-daki. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin nau'i na biyu, tun daga hatiman malaman ƙasar Hausa har zuwa manhajojin ɗab'i na kwamfuta, domin nuna yadda wannan dabara ta taimaka wajen sama wa haruffan Hausa masu lanƙwasa gurbi a duniyar bugu.

2.0 Hatimi a Matsayin Lissafi

Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi malami ne da ya tashi a Katsina, ya tafi aikin hajji, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin nan na Masar. A farkon shekarun 1730 ya wallafa littafi da Larabci mai suna Bahjat al-Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi, wato jadawalin da ake cika gidajensa da lambobi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Abin lura shi ne, hatimi ba ya buƙatar a haddace shi. Ga wata sananniyar ƙa'ida ta hatimi mai gida 9: a sa 1 a tsakiyar layin sama, kowace lamba ta gaba a hau da ita gida ɗaya sama, gida ɗaya dama, in an fita daga jadawalin, a shigo ta ɗaya gefen, in an tarar da lamba a gidan, a sauko ƙasan wadda aka rubuta ta ƙarshe. Abin da zai fito shi ne 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, kowane layi 15. Ƙa'idar nan ita ce dai za ta gina mai gida 25, inda jimlar ke zama 65. Ke nan wanda ya riƙe ƙa'ida ya mallaki hatimai barkatai, wanda ya kwafi zane kuwa guda ɗaya ke gare shi.

3.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Da rubutun boko ya kankama a farkon ƙarni na 20, sai aka rasa yadda za a bambanta b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Wasu sukan sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gefensa. Sai a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta ƙara yaɗa su. A wancan lokaci harafi ɗan guntun dalma ne, kowane girma da kowane salo sai an zuba nasa daban. Keken rubutu kuwa galibi ba shi da su, sai mai bugu ya bi da alƙalami yana ƙara ƙugiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙugiyar nan ce ta raba kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa.

4.0 Harafi ya Zama Umarni

A 1977 Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya ga gwajin sabon bugun littafinsa, wanda maɗaba'a ta yi bayan ta daina aiki da dalma, bai kuwa gamsu da shi ba. Wannan ya sa ya ƙirƙiro manhajoji biyu: TeX mai tsara shafi da alamomin lissafi, da METAFONT mai zana haruffa, wadda ya sake wa fasali a 1984. A METAFONT ba a zana harafi da hannu. Ana faɗa wa kwamfuta inda ɗigogi suke, da kaurin alƙalami, da yadda layi zai karkata tsakaninsu, ita kuma ta warware lissafin ta fitar da siffar. Jerin haruffansa na Computer Modern ma'aunai 62 ke sarrafa shi. Da an sauya su sai a sami mai kauri ko mai jirge.

Daga wannan tushe ne John Hobby ya samar da MetaPost don zana da'ira, kusurwa da jadawali, daga baya Till Tantau ya fito da TikZ a shekarun 2000. Da irin waɗannan, layukan umarni kaɗan sun isa a zana hatimi komai yawan gidajensa.

5.0 Ribar da Hausa ta Samu

A farkon shekarun 1990 Jörg Knappen, a birnin Mainz na Jamus, ya yi amfani da METAFONT ya faɗaɗa haruffan Knuth domin harsunan Afirka, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Da yake ƙugiyar umarni ce, bayyana ta ya wadatar a samu girma da salo iri-iri ba tare da zuba dalma ba. A Kano kuma, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara haruffan Rabi'at a shekarun 1990, marubuta da maɗaba'u suka yi ta amfani da su. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lamba tasa, har ya zama ƙ ba ta rikiɗewa in takarda ta bar wata kwamfuta zuwa wata. Ajami ma ya samu rabonsa a 2017, lokacin da ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan Alkalami bisa salon rubutun hannu na Kano.

6.0 Kammalawa

Tsakanin littafin Katsinawi da manhajar Knuth akwai kusan shekara 250, kuma babu wanda ya koya daga wani. Duk da haka tunaninsu ya zo ɗaya: a rubuta hanyar yin zane, zanen zai biyo baya. Ɗalibin Hausa da ya buga kafa yana nufin ƙafa ba shi da sauran uzuri a wajen na'ura, domin an riga an koya mata ƙugiyar.