Tarihin Ɗaure Sandar Tuƙin Jirgin Ruwa

A Karofane da sauran garuruwan Adar, daga Buza zuwa Keita da Madawa, ruwa baƙo ne mai gajeren zama. Ƙoramun Majiya da Tarka sukan kawo da damina, kafin a gama girbi sun janye sun bar yashi da fadamun albasa. Mai son ganin kwalekwale a jihar Tawa sai dai ya nufi tafki irin na Tabalak, ko kuma ya yi doguwar tafiya zuwa Gaya ko Yawuri, bakin kogin Kwara. Duk da haka matsalar da ta dami matuƙan jirgin ruwa shekaru dubbai ba za ta yi wa mutumin Adar wuyar ganewa ba. Mai amalanke in ya taso daga kasuwa da dare yakan ɗaure igiya ya kishingiɗa, domin jakinsa ya san hanyar gida. Jirgin ruwa bai san gida ba. Da zarar matuƙi ya saki hannu, iska da igiyar ruwa za su karɓe masa tuƙi. To amma matuƙi ɗan Adam ne, zai ci abinci, zai yi salla, zai ja taru, barci kuma zai ɗauke shi. Yadda zai saki sanda jirgi bai saki hanya ba, shi ne abin da aka daɗe ana nema.

Jirage na farko ba su da abin ɗaurewa. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwalekwale da aka sassaƙa daga gungumen itace guda. Tsawonsa ya haura mita 8, kuma bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, wato yana cikin mafi daɗewa da aka taɓa tonowa a duniya. Irin wannan jirgi da filafili ake tura shi ko da gora, kuma abin da ke tura shi shi ne ke juya shi. Haka Sarkawa da Gungawan Yawuri suka gada, haka masu fito ke yi har gobe a mashigai da dama. Na baya shi ne mai jirgi: ya karkata filafili jirgi ya karkata, ya ɗaga shi ruwa ya yi yadda ya so.

Da jirage suka ƙara girma aka kuma ɗaura musu ƙyallen da iska ke turawa, sai aka raba aikin biyu, tura jirgi daban, juya shi daban. Jirgin Fir'auna Khufu da aka tono a gindin babbar dala ta Giza a 1954, mai tsawon mita 43, yana da manyan filafilai biyu a baya waɗanda ba su da wani aiki sai tuƙi. Daga baya aka bar filafilin gefe aka koma ga allo guda da ake ratayawa a tsakiyar bayan jirgi, yana juyawa kamar ƙyauren ƙofa. Mutanen Sin ne suka riga kowa, domin an sami siffar jirgi ta yumɓu mai irin wannan allo a wani kabari a Guangzhou, tun ƙarni na farko na Miladiyya. A Turai sai wajajen 1180 aka fara ganin hotonsa. Sandar da ake cusawa a kan allon, wadda matuƙi ke riƙewa, ita ce sandar tuƙi. Tana da wata ɗabi'a da ke rikita sabon shiga: in ka tura ta hagu, goshin jirgi dama zai yi.

A Bahar Maliya, inda alhazanmu na ƙasa suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda cikin jiragen katako na Larabawa bayan sun yi watanni ko shekaru suna ratsa Chadi da Sudan, da igiya ake sarrafa allon. Masanin ƙasashe Al-Muƙaddasi, wanda ya yi rubutu wajajen shekarar 985, ya bayyana yadda shugaban jirgi ke tsayawa yana leƙen duwatsun da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, yana kiran dama ko hagu, shi kuma matuƙi yana riƙe da igiyoyi biyu yana jan wadda aka ce. Igiya kuwa abin ɗaurewa ce. In an fita daga duwatsu teku ta buɗe, iska ta daidaita, ba abin da ya fi sauƙi kamar a naɗe igiyoyin a turke a huta.

Wannan ita ce dabara ta farko, kuma har yanzu ba a bar ta ba. A ƙananan jirage akan ja igiya daga gefe zuwa gefe, a naɗa ta sau biyu ko uku a jikin sanda, yadda za ta tsaya cak amma in an tura da ƙarfi ta zame. Wasu maƙeran jirgi sukan kafa katako mai jerin ramuka a ƙarƙashin sandar, a soka turaku biyu su riƙe ta a tsakani. Wasu kuma ƙarfe mai haƙora irin na matsefi suke sawa, a sauke sanda ta faɗa tsakanin haƙora biyu, a ɗaga ta ta kuɓuta. Masunta da masu jiran manyan jirage a bakin tekun Ingila sun ƙware a wata dabara ta daban: su ja ƙyallen gaba ya juya baya, su ɗaure sanda gefe guda, sai ƙarfin biyu ya kashe juna, jirgi ya tsaya kusan wuri ɗaya yana ɗan gangarawa, mutane su dafa abinci su yi barci ko da teku na hauka. Su kuwa manyan jirage, sandarsu ta yi nauyin da hannu ba zai iya ba, don haka a farkon shekarun 1700 aka haɗa ta da igiyoyi zuwa sitiyari mai ƙafafu, shi ma akan saƙala masa madauki in ana so ya tsaya.

Sai dai duk waɗannan suna da aibi guda. Allon suke riƙewa, ba hanyar ba. Allo yana iya tsayawa daram jirgi kuma ya bi wani waje, domin igiyar ruwa ta bugi goshinsa, ko iska ta ƙara ƙarfi, ko mutum ɗaya ya tashi daga wannan gefe ya koma wancan. Jirgin iska in yana fuskantar inda iskar ke fitowa yakan gyara kansa: in ya shige mata da yawa ƙyallen ya saki, ƙarfinsa ya ragu, sai goshin ya dawo. In kuwa iska na bayansa, babu mai dawo da shi, kuskure kaɗan sai ya yi ta girma har jirgi ya ba ruwa haƙarƙari.

Wanda ya nuna iyakar abin da igiya kaɗai za ta iya shi ne Joshua Slocum, tsohon kyaftin da ya tashi daga Boston ta Amurka a watan Afrilu na 1895 cikin wani tsohon jirgin masunta mai suna Spray, wanda tsawonsa bai wuce mita 11 da ɗoriya ba. Ya dawo a watan Yuni na 1898, ya zama mutum na farko da ya kewaye duniya a teku shi kaɗai. A littafin da ya fitar a 1900 ya ce daga tsibirin Thursday, arewa da Ostareliya, zuwa tsibiran Kokos ya yi mil 2,700 cikin kwana 23, kuma zamansa a kan tuƙi bai fi sa'a uku ba. Sirrin ba a igiyar yake ba. Ƙirar cikin jirgin da yadda ya daidaita ƙyallayensa ne suka sa jirgin ke son tafiya miƙe, igiyar ta taimaka kawai. Ba kowane jirgi ke da wannan hali ba, shi ya sa aka ci gaba da nema.

Mataki na gaba shi ne a sa wa sandar abin da zai ji cewa jirgi ya kauce. Masu wasan tseren ƙananan jiragen kwaikwayo a tafkunan Ingila, da yake ba mai shiga cikin jirgin nasu, su ne suka fara haɗa igiyar ƙyalle da allon tuƙi, yadda in iska ta ƙara ja sai igiyar ta ja allo ta gyara. Daga nan aka zo ga faifan iska, wani siririn allo da ake kafawa a bayan jirgi a saita shi da inda iska ke fitowa. In jirgi ya kauce iska za ta bugi faifan ta gefe, ya karkata, ya ja sanda. A 1936 Bafaranshe Marin-Marie, mai zanen hotunan teku, ya tsallaka Atlantika shi kaɗai daga New York zuwa Le Havre cikin jirgin inji mai suna Arielle da taimakon irin wannan faifai. A 1960 aka yi tseren farko na tsallaka Atlantika mutum ɗaya a jirgi ɗaya, daga Plymouth zuwa New York, mutum biyar suka shiga. Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40, Blondie Hasler, wanda ya kawo shawarar tseren, ya biyo shi cikin kwana 48, kuma dukansu faifan iska ne ya yi musu yawancin tuƙi. Hasler bai tsaya nan ba. Ya lura faifan ba shi da ƙarfin juya babban jirgi, sai ya ƙara wani siririn filafili a cikin ruwa. Faifan ya ɗan murɗa filafilin, ruwan da ke gudu ƙarƙashin jirgi ya wurga shi gefe da ƙarfi, wannan ƙarfin ne ke jan sanda. Iska ta ba da umarni, ruwa ya yi aikin, ba batir ba mai.

Manyan jiragen ƙarfe sun bi wata hanyar. Ƙarfen jikinsu yana rikita kamfas mai maganaɗisu, sai Hermann Anschütz-Kaempfe a Jamus, a 1908, da Elmer Sperry a Amurka, a 1911, suka samar da kamfas mai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa da sauri yana nuna arewa ta gaskiya. Da aka sami abin da ya san arewa ba ya rawa, sai aka haɗa shi da injin da ke juya allo, kuma a farkon shekarun 1920 jiragen kasuwanci suka fara tafiya da matuƙin ƙarfe. Injiniya Nicolas Minorsky ya zauna ya nazarci ƙwararrun matuƙa, ya ga ba girman kaucewa kaɗai suke dubawa ba, suna kallon saurin da goshin jirgi ke juyawa da kuma daɗewar da ya yi a karkace. Ya mayar da wannan lissafi ya wallafa a 1922, aka gwada a jirgin yaƙin Amurka New Mexico. Lissafin nan shi ne har yau ke daidaita zafi da gudu a masana'antu da yawa. A shekarun 1970 abin ya ƙanƙance har ya zama ɗan hannun lantarki da ake maƙalawa tsakanin sanda da gefen ƙaramin jirgi, kamar samfurin Autohelm na Ingila, yana miƙewa yana tsukewa da kansa.

A ruwayenmu allon tuƙi na ƙarfe ya shigo da jiragen tururi. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander suka hau Kwara da jirage biyu, Quorra da Alburkah, a 1854 kuma William Baikie ya shiga Binuwai da Pleiad. Amma waɗannan jiragen Turawa ne da kamfanoninsu. Abin da ya sa sandar tuƙi a hannun talaka shi ne injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale, wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a Amurka a 1909, kamfanin Yamaha na Japan kuma ya shiga ƙera shi a 1960. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa ta nutse, tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300 ya shimfiɗu har zuwa Yawuri. Tafiyar da ta fi ƙarfin filafili ta zama ta yau da kullum, inji ya zama dole ga masu jigilar kasuwa.

Wannan inji ba shi da allo daban, shi kansa ake juyawa da hannun da ke ɗauke da totur. A wuyansa, inda yake juyawa, akwai wani noti ko ɗan maƙunni da ake matsewa don ya yi tauri. Wannan ɗan noti shi ne jikan waccan igiya ta jiragen Bahar Maliya. In an matse shi daidai, direba zai iya sakin hannu ya kwashe ruwa ko ya gyara tiyon mai, inji bai kaɗa kai ba. Masu ƙera injin suna gargaɗi kada a matse shi har ya ƙi juyawa, sannan sun sa wata ƴar igiya da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda in direba ya faɗa ruwa za ta fizge makulli inji ya mutu. Dalilinta a fili yake: jirgin da sandarsa ke tsaye ba zai san an rasa direba ba, zai ci gaba da gudu da mutanen da ke ciki.

Faifan iska da matuƙin ƙarfe an yi su ne don buɗaɗɗiyar teku, inda za a kwana ana tafiya ba a gamu da kowa ba. Kogi ba haka yake ba. Yashi na tashi daga inda yake bara ya koma wani wuri, kututturen itatuwan da Kainji ya haɗiye suna nan ƙarƙashin ruwa, ga tarun masunta, ga kainuwa, ga dorina. Ko a teku ma, dokar kauce wa karon jirage ta duniya ta 1972 ta wajabta wa kowane jirgi ya kasance da mai dubawa da ido da kunne a kowane lokaci, ko da na'ura ce ke tuƙi. Shekara dubu na dabaru sun sauke wa matuƙi wahalar hannu, amma ba wadda ta sauke masa aikin kallon gabansa, kuma direban da ya matse noti a tsakanin Yawuri da Warra ya kamata ya san abin da ya saya ɗan lokacin kwashe ruwa ne kawai.